Zuwa ga Uwata, tare da tsohon kayena

Maradi, unguwar Mokoyo
Daren Alhamis

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƴan ajinki da mutanen gidan da suka sauke ki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ke tashi in ɗari ya shigo. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko man shanun ya isa bai zube ba.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya rasa abin yi, ga waya a aljihu ya zauna rubuta takarda. Saƙon muryar da kika aiko shekaranjiya sau uku na saurare shi. Minti goma sha ɗaya kina magana, rabi kuka. Na danna zan ba ki amsa, sai na ji bakina yana rigan hankalina, na goge. Magana zarar bunu ce, ita kuwa takarda tana jiran mutum ya huce.

Abin da na ji a bakinki shi ne kin gaji. Ajinki rumfar kara ce, yara tamanin da ɗoriya zaune bisa rairayi, kuɗin wata ba ya zuwa kan kari, dare ya yi babu lantarki. Labarin da kika soma tun kina makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo yana nan a shafi na goma sha biyu, ko motsi bai yi ba. Kina son ki ajiye alli ki tafi Yamai neman aiki a gidan jarida ko rediyo, can inda kika ce marubuta suke. Kin ce ƙauyen Mayahi zai kashe miki alƙalami.

Gajiyar gaskiya ce, ba zan yi miki musu ba. Na yi shekara talatin da tara ina shan ƙurar alli, na ga shekarun 1990 da muka yi watanni muna jiran albashi har mai kanti ya daina amsa sallamarmu da fara'a. Amma maganar cewa ƙauye zai kashe miki alƙalami, nan kam ban yarda ba, kuma a kanta kaɗai na ɗauki bik. Zancen tafiya Yamai ko zama, ke ce da shawara, ke ba yarinya ba ce. Ni dai ina so kafin ki yanke ki san abin da ke ƙarƙashin tabarmar da kike zaune a kai.

Ba ki riski Inna ba, mai sunanki. Ba ta san alif ba, ba ta san a ba, amma ban taɓa zama da wanda ya kai ta iya magana ba. In ta ce da mutum sannu, daga yadda ta ja kalmar zai san ko tausayi ne ko ba'a. Ita ta fara nuna mini cewa kowane abu yana da sunansa, kuma ragwanci ne a ce "abin nan". Ranar da na ce mata ana ruwa, sai ta ce, "Wane iri? Yayyahi ko malka?" Hatsi kuwa tun yana gona har ya shiga ƙwarya tana bin shi da suna: zangarniya, dami, a sussuke, a sheƙe ƙaiƙayi, a surfe, a fid da dusa, a daka, ga tsaki ga gari, ga gumba ga hura. Ina yaro ina ganin wannan duk surutun tsofaffi ne. Ranar da na kammala karatu a Damagaram na dawo da takardar fara aiki, yaran unguwa suka biyo ni suna "Mushe! Mushe!", ta fito da muciya a hannu ta kore su. Ta ce ita ba ta haifi mushe ba, ɗanta da ransa, in ma mutuwa zai yi sai an yi masa salla. Na yi ta yi mata bayani cewa kalmar Faransanci ce ta girmamawa. Ta ce, "Girmamawar da ta yi kama da abin da angulu ke ci, a bar wa masu ita." Har ta koma ga Allah Malam take ce mini.

Kafin lakwal, wato makarantar boko, na yi makarantar allo a zauren kakanki. Can na fara son harafi don siffarsa kawai, tun ban san abin da yake faɗi ba: yadda alƙalamin kara ke kuka bisa allo, warin tawada, yadda ake wanke allo a jingine shi ya sha iska. Da ajami alhazan garin nan suka riƙe lissafin gujiya da fatu, da shi suke aika saƙo Kano da Katsina. Kada ki bari kowa ya ce miki mutanen ƙauyenku jahilai ne don ba su karanta Faransanci. Ki leƙa aljihun liman ko na mai awo, za ki ga takarda.

Yanzu bari in ba ki labarin da ban taɓa ba kowa a gidan nan ba, ko mamanki.

A zamaninmu akwai abin da ake kira sambol. A lakwal ɗinmu ƙoƙon kan akuya ne aka huda aka zura wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta, a rataya masa a wuya. Shi kuma sai ya bi ƴan'uwansa yana kasa kunne, ya kama wani ya sauke masa. Wanda ya kwana da shi, da safe bulala. Na sha rataya shi, na sha kuka. Za ki zaci wanda ya ɗanɗana ba zai ɗanɗana wa wani ba. Ina! Da aka tura ni wani ƙauye arewa da Dakwaro a 1977, abin da na fara nema bayan allo da alli shi ne ƙashin da zan yi sambol da shi. Haka na ga an yi, haka na ɗauka ake koyarwa.

Wata safiya ina tsaye ina rubutu a allo, na cire takalmi saboda zafi, sai wani yaro daga layin gaba ya yi ihu, "Mushe, kunama!" Na yi tsalle. Ga ta nan baƙa, ba ta fi taki ɗaya da dugadugina ba. Aka kashe ta. Kafin ƙura ta lafa, yaron da ke ɗauke da sambol ya taso da gudu ya rataya wa wanda ya cece ni. Aji ya yi tsit, ido tamanin a kaina. Uwata, na bar shi da shi. Na ce a raina doka doka ce, in na ɗaga yau gobe kowa zai sami hujja. Ban doke shi washegari ba, amma ya wuni da ƙashin a wuya. Daga ranar ban ƙara jin muryarsa a aji ba, ba Hausa ba Faransanci. Da aka yi girbi bai dawo ba.

Bayan shekara ashirin da wani abu na haɗu da shi a babbar kasuwa ranar wata Juma'a, yana sayar da awaki. Shi ya gane ni. Ya rusuna, ya saya mini goro, ya ba abokan cinikinsa labarin kunama suna ta dariya, shi ma yana yi. Ni na kasa. Ya ce ƴaƴansa bakwai, ko ɗaya bai sa lakwal ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba rashin sani ya sa na yi ba. Ina ɗalibi a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda ake fara koya wa yara karatu da lissafi da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Da idona na ga yaran da ba su cika shekara a aji ba suna karanta abin da aka rubuta suna gane shi, suna ma gardama a kai. Mu kuwa muna bayan taga muna yi musu dariya, muna cewa lakwal ɗin da ba ta kai mutum ofis. Sai da kunama ta zo ta tuna mini abin da na gani. A daren da na tabbata yaron nan ba zai dawo ba na jefa ƙashin a masai.

Ke kin taso an daina rataya ƙashi, amma sambol yana da ƴaƴa. Harara ce, ko "ba haka ake faɗi ba", ko dariyar da malami ke bari aji ya yi wa wanda ya yi kuskure. Ki duba ajinki gobe. Akwai yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli da yamma, ba a taɓa cutarta ko dala ba, amma a lissafi sifiri take ci. Ba kanta ne babu kyau ba. A kasuwa da dala take ƙirga, ke kuma kina tambayarta da faran. Abin da kike kira ɗari, ita dala ashirin ta sani, kuma kafin ki gama rubuta lambar ta riga ta ba da canji a ranta. In kika fara daga dalarta kika taka da ita zuwa faran ɗinki, cikin sati biyu za ki ga abin mamaki. Na gwada, ba ji na yi ba.

To, rubutu fa, wanda shi ne ciwonki? Ni ba a Yamai na koye shi ba. Wata mata ce ta koya mini, a shekarar El Buhari, 1984, da damana ta ƙi kuma Najeriya ta rufe iyaka. Maza duk sun watse ci-rani, ƙauye ya rage mata da tsofaffi da yara. A lokacin malamin lakwal shi ne gidan waya. Bayan la'asar mata su jeru a ƙofar ɗakina, kowace da saƙonta, in rubuta, a ba direba ranar kasuwa. Ni kuma ina ji da kaina, na karanta littattafai, ina sauraren rediyo, ina ganin alfarma nake yi musu in na gyara musu zance.

Wannan mata ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi, ta ce, "Malam, ka ce mishi muna gaisuwa. Ka ce mishi jar akuyar nan mun saida. Ka ce mishi turmi na nan lahiya lau, yana hutawa." Ta yi shiru. Na rubuta cewa iyalinka suna cikin matsanancin hali na ƙarancin abinci, ana buƙatar agajinka cikin gaggawa. Na karanta mata ina jiran godiya. Sai ta ɗago ta ce, "Wanga zancen rediyo ne. In ya ji shi, cewa zai yi ba ni ce ba. Kuma wanda zai karanta mishi, ai baƙo ne, ka so ka tona mu gaban baƙo? Ka sa yadda na hwaɗi." Na yage takardar na sa yadda ta faɗa.

Na daɗe ina juya maganar turmin nan. Ba ta ambaci yunwa ba, ba ta roƙi kome ba, ba ta kunyata mijinta a gaban mai karanta masa ba, amma duk Bahaushen da ya ji turmi yana hutawa ya san gidan an kwana nawa ba a daka ba. Kalmomina manya ne, kowa yana iya faɗinsu a kan kowace yunwa ta kowace ƙasa. Nata kuwa na gidanta ne, ita kaɗai. Tun daga ranar, duk jimlar da na rubuta sai na tambayi kaina: wannan zancen mutum ne ko zancen rediyo? Na karanta shafukan nan naki goma sha biyu da kika bari a kan tebur lokacin hutu, ki yafe mini, ban nemi izini ba. Hannunki yana da kyau, kin fi ni a shekarunki nesa ba kusa ba. Amma mutanen cikin labarin duk da baki ɗaya suke magana, kuma bakin na littattafan da kika karanta ne. Tsohuwar da ke shafi na bakwai, babu tsohuwar da ke magana haka daga nan har Tasawa. Ba alƙalaminki ne ya mutu ba, abincinsa ne ya ƙare. Ga shi kuma Allah ya kai ki inda rumbu yake, kina cewa za ki tashi.

Shi ya sa na haɗo miki da kayen nan, littafin rubutuna mai baƙin bango. Shi ne na farko cikin goma sha huɗu. A daren maganar turmi na fara shi. Duk kalmar da na ji wadda ban sani ba, ko na sani amma aka juya ta wata fuska, sai in rubuta, in sa wanda ya faɗa, namiji ko mace, a wane gari, yana cikin wane aiki. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi, don kalma ba tare da inda aka faɗe ta ba kamar kifi ne a tudu. Za ki ga inda na rubuta gamana, ƴar gonar da mai gida ke yankar wa mace ko saurayi ban da gandu, na sa a gefe cewa mutanen Kano gayauna suke cewa. Za ki ga jigawa da geza da fadama, da yadda manomi ke bambanta su da tafin ƙafa. Za ki ga binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a bar wa Allah. Can wajen ƙarshe akwai sassabin zamani, sunan da aka raɗa wa dabarar nan ta barin kututturen sabara da kalgo su tofo a gona maimakon a tumɓuke su, wadda ta fara kama ƙasa a yankinmu cikin shekarun 1980. Dubi yadda kalma biyu suka ɗauke abin da ma'aikatan gona ke cika shafi suna bayani da Faransanci.

Ki sayi naki kaye. Kada ki fito da shi a gaban mutane, za su ɗauka ƙidayar haraji ce su kama bakinsu. Ki je bakin rijiya, ki zauna wurin sussuka, ki karɓi taɓarya ko da za su yi miki dariya, ki je suna da biki da zaman makoki. Ki riƙe a ka, in kin koma ɗaki ki zuba. Kuma ki saurari yaranki in sun fita shan iska, lokacin da suka manta da ke. Yara tamanin daga gida tamanin, kowane da bakin uwarsa. Wane marubuci ne a Yamai yake da wannan?

Kada ki ce ƙauyanci nake yi miki. Bubu Hama, da ake ji da shi a ƙasar nan har ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1971, malamin makaranta ne tun farko, kuma rabin aikinsa bin tsofaffi ne yana kwashe abin da ke bakinsu. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, nan kusa da mu, aka gano hannunsa, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Nana Asma'u ma, ko da yake kakanninmu Katsinawan Maradi sun sha gwabzawa da gidansu, gaskiya ɗaya ce, waƙoƙinta don koyarwa ta yi su, jajis, wato matan da ta horar, suna ɗauka suna kai wa mata ƙauye ƙauye. Allo da alƙalami tun asali ɗaki ɗaya suke kwana.

Kin tambaye ni kwanaki da wane harshe za ki yi rubutu. Faransanci ba maƙiyinki ba ne. Ni ina son sa, har gobe in na ga jimla mai kyau a cikinsa sai na karanta ta da ƙarfi. Ki riƙe shi da kyau, ki koya wa yaranki shi da kyau, don jarrabawa da shi za su yi, kuma zalunci ne a hana ɗan talaka mabuɗin da ɗan mai kuɗi yake da shi. Ki ƙara da Ingilishi in kin samu hali. Amma labarin tsohuwar nan ta shafi na bakwai da Hausa ya zo miki, da Hausa za ki sauke shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Na ji murnar da aka yi a watan Maris na 2025 da aka ce Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni ma na ji daɗi, amma ban yi guɗa ba. Na ga dokar ilimi ta 1998 da ta buɗe wa harsunanmu ƙofar aji, na ga yadda aka yi ta tafiyar hawainiya bayanta. Doka ba ta rubuta littafi. In yaro ya iya karatun Hausa ya waiwaya bai ga abin karantawa ba sai takardar maganin sauro, me aka yi? Kuma ki kiyaye, a ajinki akwai ɗan Bafillace da ɗan Buzu. Kada Hausa ta zama musu abin da Faransanci ya zama mana. Ki tambaye su sunan abu da harshensu, ki rubuta a allo, ki bari su ma su gyara miki baki.

Sai zancen ƙugiya, wanda kin san ba na gajiya da shi. Tun taron Bamako na 1966 ake ta zama a kan yadda za a rubuta harshen nan, har aka tsayar mana da ƙa'ida a nan Nijar a 1999. Mu muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Najeriya suna sa waƙafi a gaban y, ban da wannan kusan hanyarmu ɗaya. Mutane sun sha wahala kafin a samu ɓ da ɗ da ƙ, ku kuma kun zo kuna zubar da su a waya don gaggawa. Saƙonki na ran nan kin rubuta mini "baki sun hana ni barci". Na tsaya ina tunani ko ciwon baki ne ya kama ki, ashe baƙi kuka yi. A zamaninmu keken rubutu ba shi da ƙugiya, sai an gama bugawa mu bi da bik muna lanƙwasa wa kowane harafi wutsiya. Wata shekara na rubuta ƴar waƙa don bikin samariya, na ba wani ya buga ya sa ƙugiyoyin. Aka raba wa manyan baƙi. Inda na ce kishin ƙasa, sai ga shi ya fito ƙishin kasa. Wani dattijo ya kira ni gefe ya ce, "Malam, mu dai mun san ƙishin ruwa. Wane ne kuma ke jin ƙishin maciji?" Ke da wayarki ke da haruffan nan a ciki, ba ki da uzuri.

Kuɗi kuwa, kada ki sa rai. Littafina na farko da kuɗin ragon layya biyu na buga shi. Mai bugawar ya riƙe ni wata tara, ya ba ni rabin abin da muka yi alkawari, shafi huɗu a kife. Na sayar da abin da bai kai ɗari ba, na rabar da wasu, sauran gara ta karanta su a ƙarƙashin gado. Ku yanzu kun fi mu hanya. Littattafan Kano da suka riƙa shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, waɗanda malamai irina suka yi ta yi wa kallon raini, su suka koya wa matan garin nan da yawa karatun Hausa, ba mu ba, kuma akasarin masu rubuta su mata ne. Yau ga su a waya, ana karantawa a rediyo. Ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016. Ki shiga, ko ba ki ci ba za ki koyi gama labari a kan lokaci, wanda shi ne ya gagari yawancin masu cewa su marubuta ne. Amma albashinki, kome ƙanƙantarsa da jinkirinsa, shi ne zai ba ki ikon ƙin rubuta abin da ba ki yarda da shi ba. Wanda ke jiran alƙalami ya ciyar da shi, wata rana alƙalamin na mai ba shi tuwo ne.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai da ƙarfi. Abin da mata za su faɗa a gabanki a bakin rijiya amana ce. Ki ɗauki yadda suke magana, kada ki ɗauki asirinsu. Ƙauye ƙarami ne, ko kin sake suna za a gane matar wane ce, kuma ke za ki tashi wata rana, ita tana nan da kishiyarta da uwar mijinta. In labari ya kama ki, ki bari ya kwana biyu, ki gauraya shi da na wasu garuruwa har mai shi ma in ta ji ta ce, "Allah sarki, kamar ni." Haka yaranki. Kada talaucin gidan wani yaro ya zama adon shafinki.

Lokacin rubutu kuma kada ki jira hutu, hutu na wanki ne da ziyara. Bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, rabin awa ya isa. Shafi ɗaya. In kin gama ki karanta wa matar gidan da kike zaune ba tare da kin ce naki ba ne. Inda ta daina tsinar wake ta ɗago kai, wurin ya yi. Inda ta ce "me aka ce?", ki koma kansa.

Mamanki ta leƙo ta ce in gaya miki maganar yaron nan da ya turo magabatansa tana nan, ba a amsa ba ba a ƙi ba, sai kin zo. Ni abin da zan ƙara shi ne ki nuna masa kayenki tun yanzu, ki ga yadda fuskarsa za ta yi.

Rumfar nan taku kuma, don Allah ki sa ido. Ba mu manta da gobarar Nuwamba ta 2021 a garin nan ba, da yara sama da ashirin suka ƙone a ajin kara. Ki sa a faɗaɗa ƙofa, a yi ta biyu ta baya, kada a bar mai tuya ta hura wuta kusa. Ki je da kanki wurin mai gari da iyayen yara, da ladabi, ki ce a taimaka.

Na ba direban da ya saba kai miki saƙo kayen, da kilishi, da batir na fitila, da jaka biyar. Kayen aro ne, ki kula da shi, bangon ya fara saki. In zai juyo ranar Litinin ta sama, ki ba shi shafi goma sababbi, da hannu, ba ta waya ba. Ki fara da tsohuwar nan, ki nemo mata baki a ƙauyenku. Jan bik ɗina bai bushe ba, kuma ba zan ji tausayinki ba don kina da sunan Inna.

Ki gaishe mini da mai gari da liman da darektanku. Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki.

Ni ne,
Babanki